Lemun makrut a tukunya: ɓawonsa ake nema, ruwansa kuwa sai da awo

A kasuwannin Bankok da Kuwala Lumfur da Jakarta ana sayar da wani lemu kore shar, wanda faɗinsa bai cika wuce santimita 4 zuwa 6 ba, fatarsa mai kauri ce kuma duk ta yi tudu da kwari, ga ɗan wuya a wajen da yake manne da reshe. Mutanen Tailan suna kiransa makrut, a Malesiya limau purut, a Indonesiya jeruk purut, masana tsirrai kuwa suna rubuta shi Citrus hystrix tun da Augustin de Candolle, ɗan ƙasar Suwizalan, ya raɗa masa wannan suna a 1813. A shagunan Turai da Amurka an daɗe ana ce masa lemun kafir, amma da yake kalmar mummunan zagi ce ga baƙar fata a Afirka ta Kudu, masu sana'ar girki da yawa sun koma ga makrut, kuma da shi za mu kira shi a nan.

Abin da duniya ta fi sani a jikin wannan bishiya mai ƙaya shi ne ganyenta, wanda yake fitowa biyu a jere, ɗaya bisa kan ɗaya, kuma shi ne ƙamshin da yake fara tarbar mutum idan aka buɗe kwanon tom yam, shahararren romon nan na Tailan mai tsami da yaji. Ɗan itacen kuwa baƙo ne ga mafi yawan masu girki a wajen Asiya, kuma yadda ya shigo hannunsu yana da dalili. Tarayyar Turai ta hana shigo da ɗanyen ganyen lemu daga ƙasashen waje saboda tsoron cututtukan tsirrai, Amurka ma ta tsaurara dokar safarar ganyen tun bayan da aka gano cutar huanglongbing a Fulorida a 2005, cutar da wani ɗan ƙwaro yake yaɗawa kuma take kashe gonakin lemu. Da ɗanyen ganye ya yi wuyar samu, sai masu son girkin Tailan suka fara dasa bishiyar a tukwane da bayan gida. Bayan 'yan shekaru bishiyar ta fara zuba 'ya'ya, mai gida ya tsinci kansa da kwando cike da lemun da bai san yadda zai yi da shi ba. Abin da kowa yake fara yi shi ne ya yanka ya matse a ruwan sha ko a kan kifi, kamar yadda ya saba yi da lemun tsami, kuma abin da yake biyo baya kusan ɗaya ne a ko'ina: ruwa kaɗan, ƙwallaye barjat, tsami mai kaifi, ɗaci mai zama a maƙogwaro, da wani ƙamshi mai ƙarfi da mutane suke cewa ya yi kama da sabulu. Daga nan sai a yanke hukunci cewa ɗan itacen ba ya ciwuwa.

Wannan hukunci kuskure ne, kuma rashin adalci ne ga ɗan itacen da al'ummomi da yawa suka gina girke-girke masu daraja a kansa. Kuskuren yana cikin aikin da aka ba shi. Makrut yana cikin kayan ƙamshi, sahun citta da kanumfari da masoro, duk da cewa siffarsa ta lemu ce, kuma duk wanda ya nemi tsamin miyarsa daga gare shi kaɗai zai kwashi ɗaci da ƙamshi ninkin abin da tukunya za ta iya ɗauka tun kafin tsamin ya kai yadda yake so. Masu girki na Tailan sun raba aikin tun da daɗewa: tsami daga manao, wato lemun tsami irin wanda muka sani, ko daga tsamiya, ƙamshi daga ganyen makrut da ɓawonsa, ruwan makrut kuwa an ware masa 'yan girke-girke ƙalilan inda ake bukatar halinsa na musamman.

Dalilin wannan rabon aiki yana cikin halittar ɗan itacen kansa. Makrut yana cikin wani reshe na dangin lemu da ake kira papeda, waɗanda suka fi kusa da lemun daji. Lokacin da Walter Swingle, Ba'amurke masanin lemu, ya rarraba wannan dangi a 1943, alamomin da ya bambanta papeda da su sun haɗa da faffaɗan fiffike a gindin ganye, wanda shi ne yake sa a ga kamar ganye biyu ne, da kuma ɗigon mai mai ɗaci da yake cikin 'yan jakunkunan ruwan da ke tsokar lemun. Wannan alama ta biyu ita ce jigon maganar. A lemun zaƙi da lemun tsami man ƙamshi yana zaune a ɓawo, ruwan kuwa tsami ne da ɗan sukari, shi ya sa ake iya matse su a sha. A makrut man ya ratsa har cikin tsokar, saboda haka ko da an feƙe ɓawon tas kafin a matse, ruwan zai fito da ɗacinsa da ƙamshinsa. Ba laifin wuƙa ba ne, ba kuma alamar lemun bai nuna ba ne. Wani abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa ƙaramin lemun tsamin da ake sayarwa a kasuwanninmu ya samu ne daga barbara tsakanin wani papeda na Filifin da ake kira micrantha, makusancin makrut ƙwarai, da wani babban lemu mai kaurin ɓawo da ake kira sitiron. Ke nan jini ɗaya ne, sai dai ɗaya an gyara shi ya zama na matsa, ɗayan kuma ya tsaya a kan halinsa na asali.

Akwai ɗaci na biyu, wanda shi mai girki yana da iko a kansa. Farin naman da yake tsakanin koren ɓawo da tsoka yana ɗauke da sinadarai masu ɗaci, ƙwallayen kuma sun fi ko'ina tara wani rukunin sinadarai da limonin yake cikinsu. A dangin lemu an san cewa limonin yana ƙaruwa bayan an matse ruwa an ajiye shi, domin wani sinadari marar ɗanɗano yana juyewa ya zama limonin idan ya gamu da tsami, zafin wuta kuma yana hanzarta juyin. Wannan ne ya sa ruwan lemun da aka matse da safe yakan yi ɗaci da yamma. Idan aka ɗora wannan a kan ɗacin da makrut yake da shi tun fil azal, za a gane dalilin da ya sa ba a matse shi a ajiye, ba a farfasa ƙwallayensa, kuma ba a barinsa ya daɗe yana tafasa.

Game da zancen sabulu kuwa, akwai bayaninsa. Man ganyen makrut mafi yawansa sinadarin citronellal ne, wanda yakan kai kusan kashi 80 cikin ɗari, man ɓawon kuma cakuɗe ne na limonene da pinene da sabinene tare da wani kaso na citronellal ɗin. Ire-iren waɗannan sinadarai ne kamfanoni suke zubawa a sabulun wanki da ruwan goge ƙasa da man korar sauro, saboda haka hancin da ya fara saninsu a can zai tuna da can ɗin idan suka yi yawa a abinci. Matsayin makrut a girki irin na kanwa ne: 'yar kaɗan tana gyara tukunya, idan hannu ya zarce kuma babu dabarar da za ta dawo da miyar.

Inda ɓawon ya fi nuna darajarsa shi ne a dakakken kayan miyar Tailan, wanda suke kira phrik kaeng, tushen jar miya da koriyar miya da sauran miyoyinsu na madarar kwakwa. Ana daka shi a turmin dutse, kuma garin Ang Sila na lardin Chonburi ya yi suna wajen sassaƙa irin wannan turmi. Mai girki takan riƙe lemun a hannun hagu ta riƙa feƙe koren saman da ƙaramar wuƙa mai kaifi, siriri siriri, tana bin tudun fatar, duk yankin da ya taho da fari a bayansa kuma ta kwantar da shi a kan katako ta kankare farin. Sannan ta yayyanka shi ƙanana. Ba a zuba kayan gaba ɗaya. Busasshen barkonon da aka jiƙa yake fara shiga tare da gishiri, domin gishirin yana taimaka wa taɓarya ta ci fatar barkonon; sai masu tauri da zare, wato galangal, ɗan'uwan citta, da ciyawar nan mai ƙamshin lemu da ake sa wa shayi, da ɓawon makrut, da saiwar koriyanda; sai masu ruwa, tafarnuwa da ƙananan jajayen albasa; daga ƙarshe kapi, wato ƙananan jatan landen da aka tsima da gishiri. Ɓawon yana shiga da wuri ne saboda yana bukatar dogon daka kafin ƙananan rumbunan man da ke cikinsa su fashe. Abin lura shi ne awonsa: a dakan da zai ishi tukunyar iyali, ɓawon bai cika wuce ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba, wanda rabin lemu ɗaya ko ɗaya cur zai bayar.

Bayan daka sai suya. Ana tafasa kakkaurar madarar kwakwa har sai mai ya tsatso a samanta, sannan a zuba dakakken kayan a soya a cikin wannan man. Wannan mataki ne yake kare ƙamshin makrut daga salwanta, domin sinadaran ƙamshinsa suna narkewa a mai kuma ba sa narkewa sosai a ruwa. Idan an sa su a ruwa zalla tururi yana kwashe su, idan sun shiga mai kuwa man yana riƙe su ya kuma tausasa kaifinsu. Ƙa'idar nan ta wuce iyakar Tailan. A Kambodiya ɓawon ko ganyen yana shiga kroeung, dakakken kayan miyarsu, a tsibirin Jawa kuma ana daka ganyen, wasu har da ɓawon, a cikin miyar gyaɗar da ake zuba wa dafaffen ganye da ake kira pecel. A can man gyaɗa ne yake yin aikin da madarar kwakwa take yi a Bankok.

Ruwan kuwa, wanda shi ne abin da ya fi rikita mutane, yana da gurbinsa, kuma babu inda ya fi fitowa fili kamar a kaeng thepho. Tsohuwar miya ce ta tsakiyar Tailan, wadda Sarki Rama na Biyu, da ya yi mulki daga 1809 zuwa 1824, ya ambata a cikin waƙar da ya yi wa abinci. Ta samo sunanta daga thepho, wani kifi mai gashin baki da ke kogunan Chao Phraya da Mekong, wanda cikinsa yake cike da kitse. A yau gidajen abinci da yawa suna yinta da naman alade, saboda haka Musulmin da ya je can sai ya tambaya, amma asalinta da kifi ne kuma da kifin ta fi bayyana hikimarta. Ana soya dakakken kaya a madarar kwakwa, a sa kifi, a sa wani ganyen ruwa mai rami a kara da ake kira phak bung, ɗan'uwan dankali, a daidaita ɗanɗano da ruwan tsamiya, da sukarin da ake dafawa daga ruwan furen kwakwa ko na wata bishiya 'yar'uwar giginya, da nam pla, romon tsimammen kifi mai gishiri. Sai miya ta kusa sauka ake raba makrut biyu, a tsince ƙwallayen, a matsa ruwan a ciki, a kuma jefa ɓarin ya yi iyo a sama. Wasu masu girki suna feƙe koren kafin su jefa, don gudun ɗaci.

Idan aka duba wannan tukunya da kyau za a ga cewa tsamiya ce take ɗauke da nauyin tsamin. Makrut an kira shi ne ya yi yaƙi da abu biyu, ƙarnin kifin kogi da gundurar kitse, kuma ɗacin nan da yake aibi a kofin ruwa shi ne makaminsa a nan, domin yana yanke maiƙo a harshe ya sa mai ci ya nemi loma ta gaba. Sukari da madarar kwakwa kuma suna tare shi kada ya wuce gona da iri. Haka tsarin yake a khanom chin nam phrik, taliyar shinkafa da ake zuba wa miyar madarar kwakwa da gasasshen wake da gyaɗa da jatan lande: miya ce mai zaƙi da maiƙo, tsamiya a ciki, ruwan makrut a ƙarshe, ɓarin lemun yana yawo a saman kasko. A ganina duk wanda ya fahimci waɗannan miyoyi biyu ya gama fahimtar ruwan makrut, domin sharuɗɗan ba sa canzawa: a sami mai, a sami zaƙi, wani abu daban ya ɗauki tsamin, a sa shi a ƙarshe. Idan miyar za ta kwana, a tsame ɓarin lemun kafin a ajiye, in ba haka ba farin naman zai ci gaba da sakin ɗaci har gobe.

Akwai wurin da ake matsa shi ɗanye a kan abinci, kuma bai saɓa wa abin da aka faɗa ba. A lardin An Giang na kudancin Biyetnam, kusa da iyakar Kambodiya, inda 'yan ƙabilar Khmer suke da yawa, ana kiran lemun chuc, kuma a yankin Tri Ton ana kawo faten shinkafa da naman sa da kayan ciki tare da yankinsa a gefe, mai ci ya ɗiga wa kwanonsa da kansa. Nan ma kitse ne da ƙarnin kayan ciki ake fuskanta, kuma ɗigo ake yi.

A ɓangaren Afirka, tsibiran Tekun Indiya ne suka rungumi makrut, inda ake kiransa combava. A Reyuniyon, tsibirin da ke ƙarƙashin Faransa a gabashin Madagaska, ɓawon ya fi ganyen farin jini. Ana goga shi a cikin rougail na tumatir, wato ɗanyen tumatir da albasa da barkono da gishiri da ake dakawa a ci da shinkafa da wake, ana kuma sa shi a dakakken barkono da cikin samosa. Mutanen tsibirin sun isa ga awo iri ɗaya da na Tailan ta hanyarsu: ana goga lemun sau kaɗan a kan magogi a ajiye sauran, har lemu ɗaya ya yi girki da yawa.

Ko farin naman nan da ake ta gudu bai zama shara ba. A lardin Phetchaburi, wanda ya shahara da sukarin giginyarsa da kayan zaƙi, ana yin alawar makrut: a feƙe koren, a raba lemun biyu, a ƙwaƙule tsokar, a murza farin da gishiri, a wanke a matse, a sake jiƙawa a sake matsewa har ɗacin ya fita, sannan a dafa shi a ruwan sukari har ya yi garau haske yana ratsa shi. Aiki ne mai cin lokaci, kuma shi ne darasin da ya kamata masu son yin jam da makrut su ɗauka, domin wanda ya yayyanka lemun gaba ɗaya ya zuba sukari ya dafa kamar lemun zaƙi zai ƙare da abin da ba ya haɗiyuwa. Sai an tafasa ɓawon an zubar da ruwan sau da yawa, kuma ya fi kyau a gauraya shi da wani lemu mai sauƙin hali, makrut ya zama ƙaramin kaso.

Gaskiya ne kuma cewa ragowar ruwan a ƙasashensa na asali ba tukunya yake shiga ba. A karkarar Tailan ana gasa lemun a wuta ya yi laushi a matse a wanke gashi da shi, a Sumatra kuma yana cikin lemukan da ake zubawa a ruwan wankan balimau da wasu al'ummomin Musulmi suke yi gab da azumin Ramadan. A nan ne ya wajaba a yi gargaɗi. Ɓawon makrut da tsokarsa suna ɗauke da sinadaran furanocoumarin masu yawa, waɗanda idan suka zauna a fata kuma rana ta doke ta sukan haddasa ƙuna, da bororo bayan kwana ɗaya zuwa uku, da baƙin tabo da kan ɗauki makonni ko watanni bai gushe ba. Likitocin fata sun rubuta labarin waɗanda suka ƙone ta wannan hanya bayan sun shafa ruwan a jiki a matsayin magani. Wanda ya feƙe ko ya matse lemun da yawa ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya fita rana. Ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, bergamottin, yana cikin waɗanda suka sa likitoci suke hana masu shan wasu magungunan hawan jini da na rage kitsen jini shan ruwan garehul, domin yana hana jiki sarrafa maganin har ya taru fiye da kima. Ƙaramin cokalin ɓawo a tukunyar mutum shida abu ne kaɗan, amma wanda yake shan irin waɗannan magunguna kuma yake tunanin mayar da ruwan makrut abin sha na kullum, ya fara tuntuɓar likitansa.

Ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da ke zaune a Malesiya suna wuce wannan lemu a kasuwa kullum, kuma da arha yake. Wanda zai saya ya zaɓi kore mai tauri, domin idan ya nuna ya zama rawaya ruwansa yana ɗan ƙaruwa amma ƙamshin ɓawon yana raguwa. A wanke shi sosai tunda fatar ce za a ci, a tsane shi, a sa shi ɗungurungum a firiza cikin leda mai rufi. Yana watanni a haka, kuma a daskare ya fi daɗin gogawa, domin magogi yana ɗebe tudun koren ya bar farin. Busar da ɓawon yana yiwuwa, sai dai yawancin man yana tafiya da iska. Gwajin farko da ya fi dacewa shi ne farfesun kifi mai kitse: a nemi tsamin daga lemun tsami ko tsamiya yadda aka saba, a goga ɓawon makrut kwatankwacin rubu'in ƙaramin cokali a cikin man da ake soya albasa, sannan bayan an sauke tukunya a ɗiga ruwan, a juya, a ɗanɗana, kafin a yanke shawarar ƙarawa.